Kafin Ki Shiga Ruwan Dalian

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki Dalian lafiya, Ya sa albarka a karatun da za ki fara, Ya tsare ki a kan hanya da masauki, da kuma wurin da kika fi so, wato ƙarƙashin ruwa. Na san gida ɗaya muka kwana, ɗakinki taku biyar ne daga nawa. Amma kin san halina, idan na fara magana mai nauyi da baki sai na karkatar da ita zuwa wasa, ki yi dariya, mu tashi ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ɗauko biro.

"Ke Lauya, yanzu da hankalinki za ki bar yarinya ta riƙa faɗawa teku da tukunyar gas a baya?" Da wannan Hajiya Rabi 'yar Maraɗi ta tare ni jiya a shagonmu na kasuwar Guangyuan, nan Guangzhou, ko zama ba ta yi ba. Har yau Lauya take kirana saboda digirin da na yi ban taɓa shiga kotu da shi ba. Dama na gaya mata cewa kin riga kin yi rajista da ƙungiyar masu nutso ta jami'ar tun kafin ki nemi ɗakin kwana.

Na ce, "Ba gas ba ne, Hajiya, iska ce."

Ta ce, "Iskar ta ƙare a duniya ne sai an je ƙasan ruwa nemanta? To kin dai yi mata asirans, inshorar nan taku? Mu da ko katan ɗin wando ba ma ɗora shi a ruwa sai da asirans." Ta sha shayinta, ta ƙara da cewa, "Allah Ya so ki ma yarinyar lafiyayya ce, ban taɓa jin ta kwanta ba."

Na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da ninke kaya. Ga abin da ban ce mata ba, kuma ban taɓa ce miki ba: kin yi asma kina ƙarama. Kin tambaye ni sau ɗaya, na ce ba ki yi ba. Katin nutson da ke cikin jakarki a kan wannan amsar tawa aka ba ki shi, kuma yanzu za ki kai shi ruwan sanyi. Zan faɗa miki yadda aka yi. Amma sai na fara da nawa labarin, don ki gane irin matar da ta ba ki amsar.

Kin san Madam Lin, mai masana'antar wandon jins a Xintang da muke sari a wurinta. Duk shekara takan kwashi manyan kwastomominta ta kai su Hainan hutun kwana uku. Shekarar da aka fara gayyatata, alhazanmu na Kano suka zauna a inuwa da dogayen riguna suna shan kankana suna kallon teku kamar wani maƙwabci da ba su yarda da shi ba. Aka tambayi masu son gwada nutso, na ɗaga hannu. Ba jarunta ba ce, hirar farashin dala ce ta ishe ni. Ni da ruwa mafi girma da na sani a ƙuruciya shi ne Tiga, shi ma ta tagar motar makaranta na gan shi.

Ruwan yana da ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri, kuma garau, ina hango yashi daga sama. Na sauka, kifaye suka wuce ni ba su damu da ko wace ce ni ba. A kasuwa ana kirana laoban, wato mai shago, a gida Umma, a waya Hajiya, kowa da buƙatarsa. A can ƙasa ba mai iya kiran kowa. Don haka kada ki ɗauka ban san abin da kike so a cikin abin nan ba. Na sani sarai, kuma ba hana ki na zo yi ba.

Da muka dawo Guangzhou na shiga aji, na koya a wurin iyo na wani otal, na koma Hainan na yi nutson gwaji, aka ba ni kati. Kuskurena na farko shi ne na ɗauki horon kamar jarrabawar jami'a, abin da ake ci a wuce. Akwai darasin da ake sa mutum ya cika tabaran nutsonsa, mai rufe ido da hanci, da ruwa da gangan, sannan ya fitar da shi da numfashin hanci yana ƙasa. Na tsane shi. Na daure na yi sau ɗaya a gaban koci, ya sa mini hannu, ban sake yi ba. Ke duk darasin da kika ji kin tsana, shi za ki maimaita har ya gundure ki. Wanda kike jin daɗinsa ba shi zai zo miki ranar wahala ba.

Kuma katin yana faɗin abu biyu. Na farko, kada ki wuce mita goma sha takwas. Na biyu, an yarda da ke ne a irin ruwan da kika koya a ciki. Kowa yana riƙe na farko, na biyun sai ka ce da farin alli aka rubuta shi a farar takarda.

Kina aji biyu na sakandare Madam Lin ta ɗauki hayar jirgin ruwa zuwa wasu tsibirai da ke gaban Zhuhai, inda kogi ke zuba a teku. Ƙarshen shekara ne, gari ya fara sanyi. Ta ce saboda ni ta shirya tafiyar, tunda a duk kwastomominta ni kaɗai ce ke shiga ruwa. Ranar ina ramuwar azumi. Na san ramuwa tana jira, ba wanda ya ɗaure ni da wannan ranar, amma na riga na ɗauki niyya, kuma ban ga dalilin yi wa mutane bayani ba. Da safe kocin jirgin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: kin yi barci, kin sha ruwa, akwai inda ke miki ciwo? Na ce komai lafiya. Mu dai haka aka tashe mu. Mutum yana kwance a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, ki ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Balle baƙo, wanda aka yi wa hidima, ai ba shi da bakin ƙorafi.

Muna shiga na san wannan ba ruwan da na sani ba ne. Kalarsa kamar koko. Na miƙa ƙafa ban ga takalmin iyona ba. Rigar robar da aka ba ni haya siririya ce, sanyi ya ratsa ta kafin mu yi nisa. Ga jan ruwa, yana tura ni gefe kamar cunkoson tashar jirgin ƙasa lokacin sabuwar shekararsu, ba ki ga mai turin ba amma kina tafiya. Madam Lin tana gabana, ita ta daɗe a harkar, katinta ya fi nawa zurfi. Abin da nake iya gani kawai shi ne launin rawaya na tukunyarta, sai na manne masa.

Ta juyo ta yi mini alamar tambaya da yatsu, ko lafiya. Na mayar mata, lafiya. Haƙorana suna kaɗawa a kan abin shaƙar. Agogon hannuna mai auna zurfi ya nuna mun wuce mita sha takwas. Ta sake juyowa, na sake cewa lafiya. Muka wuce ashirin da biyar, ta ƙara tambaya, na ƙara cewa lafiya. Sau uku matar nan ta tambaye ni, sau uku na yi mata kawaici. Abin da ke raina a lokacin, kuma na tuna shi sarai, shi ne ta yi ɗawainiya saboda ni, bai kamata in ɓata mata rana ba. Ina da digiri, ina da 'ya, ina ƙasan teku, ina tunanin kada a ce ba ni da tarbiyya.

Sai ruwa ya shiga tabarauna. Abu ne na daƙiƙa biyar ga wanda ya koya da gaske. Ni na ja shi ta hanci, na shaƙe, hankalina ya tashi, na harba sama da dukan ƙarfina. Ban tsaya a mita biyar ba kamar yadda aka koya mana, ban tsaya ko'ina ba.

A jirgi kocin ya taho da tukunyar oksijin yana faɗa da Sinanci, yana tambaya ko ina jin ciwo. Na ce, "Meyo." Babu. Na ture abin da murmushi don kada Madam Lin ta ji kunya. Kafin la'asar kafaɗata ta hagu ta fara ciwo kamar ana murɗa ƙusa a ciki, yatsuna suka fara mintsini. Na sha ruwa da magariba, na haɗiyi maganin ciwon jiki. Washegari na tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha, don ana loda kwantenarmu kuma ban yarda da kowa ya tsaya a kanta ba. Sai rana ta uku, muna karin kumallo, kofi ya suɓuce daga hannuna ban ji fitarsa ba.

Abbanki ya ce, "Wannan hannun naki fa?"

Na ce, "Sanyi ne."

Ya ce, "Sanyi ne yake zubar da kofi? Ɗauko mayafinki."

Aka sa ni a wani tankin ƙarfe mai kama da na motar ruwa, aka matsa iska a ciki kamar an mayar da ni ƙasan teku, don kumfar iskar da ta maƙale a jikina ta narke. Awa biyar a zaman farko, sannan aka yi ta maimaitawa kwanaki. Likitar, wata 'yar tsohuwa mai gajeren gashi, ta tambaye ni me ya sa na jira kwana biyu. Na ce ban so in dami mutane ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To yanzu kin dame mu." Yatsun nan biyu na hagu da ba na ji da su, waɗanda na ce miki ƙofar mota ce ta datse, wannan ce ƙofar motar.

Don haka ki ajiye kunyarki a bakin ruwa tare da takalmanki. Idan aka tambaye ki a ƙasa kuma ba lafiya ba, girgiza hannu ki nuna inda matsalar take. Kowa yana da ikon katse nutso a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba, kuma abokiyar nutson da ta ɓata rai don kin katse, kada ki sake shiga ruwa da ita. Kada ki haɗa azumi da nutso, ki zaɓi ɗaya a rana. Idan kin fito kika ji ciwon gaɓa, ko mintsini, ko gajiyar da ba ki gane ba, ki karɓi oksijin ɗin, ki tafi asibiti a ranar. Ki san inda irin tankin nan yake a Dalian kafin ki jiƙa ƙafa. Kuma ba jirgin sama sai kin yi kwana guda cur bayan nutso, ko da ni ce na kira na ce ki zo.

Sai maganar inshora, tunda Hajiya Rabi ta tayar. Ni ce matar da ke karanta takardar kaya har ƙaramin rubutun ƙasa. Na taɓa riƙe ejan ɗin jigilar kaya awa biyu a kan katan guda da ya jiƙe. Amma inshorar jikina a bakin tashar jirgin na saye ta, a waya, ina tafiya, na danna na yarda a kan shafuka bakwai na Sinanci da ban buɗe ba. Ta lafiyarmu ta gida ta cire nutso tun farko, ban sani ba sai a asibiti. Ita kuma ta wayar, wata budurwa mai ladabi ta kira ni ta yi mini bayani cewa suna biya ne idan mutum bai wuce zurfin katinsa ba, kuma agogona ya ajiye komai, mita bayan mita. Na nemi inda zan kama su ban samu ba. Da ni ce lauyarsu haka zan yi. Abbanki ya ɗauki nauyin asibitin, bai taɓa tayar da maganar ba, wanda ya fi mini faɗa ciwo.

Kin san shi da inshora yana ɗari-ɗari, yana cewa Allah ne mai tsarewa. Na ce masa, "Haka ne Alhaji, amma na ga kwantenar jins ana yi mata. Ko wandon ya fi ni ne?" Ya je ya tambayi malamai, ya dawo ya ce akwai tsarin taimakekeniya da ba shi da matsala da shi. Ki nemi irin wannan idan kin samu. Kowace ce dai, ki zauna ki karanta, ke da Sinanci ya zame miki harshen gida. Ki tambaye su a rubuce: suna biyan tankin? Suna ɗauko mutum daga tsibiri? Har mita nawa? Tana aiki a ƙasar da kike zaune, ko sai kin yi tafiya waje? Sannan ki nemi sashen da ke maganar ciwon da mutum ya taɓa yi. Idan kika ce babu, suka gano akwai, ba za su biya ba. Kuma akwai, yana rubuce a wani asibiti a nan Guangzhou.

Kina shekara huɗu ya fara, muna Kano. Ƙirjinki yana fito kamar usur, kina zaune ba ki iya kwanciya. Likita ya ce asma ce, ya ba mu abin shaƙa. Kakarki Hajiya mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, ta ce, "Wannan sanyi ne. Ba a liƙa wa 'ya mace ciwo, gobe a riƙa cewa 'yar gidan nan mai fuka ce." Na ɓoye abin shaƙar a cikin jakar kwalliya, ina ba ki a ɗaki, idan baƙi suka tambaya in ce mura. Ba zan ɗora mata laifin ba. Ita ba ta yi boko ba, ni na yi, kuma na ga dabarar ta yi mini. Da muka dawo nan kina bakwai abin ya lafa. Ya tashi sau ɗaya kina tara. Na ƙarshe kina sha uku, lokacin da muka je Beijing cikin hunturu, muka dawo kina tari mako biyu. Na ce miki mura ce mai ƙarfi. Likitan ya rubuta wani abu dabam, ya kuma rubuta cewa iska mai sanyi ce ta tayar.

Ranar da kika kira ni daga Hainan, kina sha tara, kun je da ƙawayenki kina cike fom ɗin koyon nutso, ina shago. Ya cika da 'yan Kantin Kwari, hannuwana suna cikin kaya, na sa wayar a sifika. Kika ce, "Umma, wai na taɓa yin asma? Suna tambaya a nan."

Mutum shida suka zuba mini ido suna jiran amsa, biyu daga unguwar su Abbanki. Na ce, "Asma kuma? A'a, Allah Ya kiyaye."

Kika ce, "Yauwa, na gode Umma," kika kashe.

Wannan bayan tankin ne, Walida. Bayan yatsun. Na san abin da tambayar take nufi fiye da kowa a shagon. Na ce zan kira ki idan suka fita. Suka fita, wasu suka shigo. Da yamma kika turo hoto kina ƙasan ruwa kina dariya da ido, na ce ai ga shi lafiya ƙalau, ciwon ƙuruciya ne ya wuce. Shekara uku ke nan, duk hoton da kika turo sai in ajiye shi a matsayin hujjar kare kaina.

Ga dalilin da ya sa ba zan ƙara kwana da shi ba. Duk nutsonki a ruwan ɗumi kika yi, mai haske, marar ja. Na Dalian ruwan arewa ne, ko da bazara ƙasansa da sanyi, kuma sau da yawa ba a gani da nisa. Iskar tukunya busasshiya ce, a ruwan sanyi ta ƙara sanyi, ga wahalar iyo idan ruwa yana ja. Abubuwan da ke tayar da irin naki ke nan, an tara su wuri guda. Kuma matsalar ba ta tsaya ga kasa numfashi a ƙasa ba. Idan hanyoyin huhu suka tsuke, iskar da ke ciki ba ta samun fita, kina tasowa tana kumbura, tana iya yaga huhun. Wannan ba ya buƙatar zurfi. Yana iya faruwa a mitoci kaɗan.

Mai yiwuwa ciwon ya tafi da gaske. Da yawa da suka yi shi suna yara ana gwada su a sallame su. Amma ba ni zan yanke ba, ba ke ba, ba kocin ƙungiyarku ba. Na kama miki layi yau ƙarfe uku wurin likitan ƙirji da ya san harkar nutso, a asibitin da aka yi mini magani. Zai sa ki hura a na'ura, ya sa ki gudu, ki sake hurawa. Takardunki duka suna cikin ambulan mai ruwan ƙasa da ke ƙarƙashin wannan wasiƙar, har da na Kano. Jirginki sai gobe, akwai lokaci.

Zai iya cewa ki je ki yi. Zai iya cewa ruwan ɗumi kawai, da sharuɗɗa. Zai iya cewa kin gama. Duk abin da ya ce, ki kai wa ƙungiyar a rubuce, ki sake cike fom ɗinsu da gaskiya, ki gaya wa masu inshora. Idan ya yarda, ki fara a can kamar sabuwa: ki nemi kocin da ya san ruwan wurin, ki koyi rigar da ba ta shigar da ruwa a wurin iyo tukuna, ki yi nutson farko a wuri marar zurfi ko da ƙawayenki za su yi miki dariya. Idan kuma ya hana, kada ki zagaya ki nemi wani likitan da ba za ki nuna wa ambulan ba. Na san dabarar za ta zo miki, daga wurina kika gaje ta. Fushin kuma ki kawo shi nan, ba wurinsa ba. Ni na bar ki kika yi shekara uku kina son abin da mai yiwuwa ba naki ba ne, ni ya kamata in ji.

Abbanki bai san na rubuta ba, amma ya san da ciwon, kuma bai san da wayar da kika yi mini daga Hainan ba. Zan gaya masa da kaina.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa likitan ya faɗi abin da ya fi alheri ko da ba shi muke so ba. Allah Ya tsare numfashinki a tudu da ruwa, Ya haɗa ki da abokan kirki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki yafe mini idan kin samu iko, ba sai yau ba.

Na ji kin kunna ruwan wanka. Zan ajiye wannan a kan akwatinki in fita kafin ki gama, don ki karanta ba tare da fuskata a gabanki ba. Idan kina so in raka ki asibitin, kira ni kafin ƙarfe biyu, zan rufe shago in zo. Idan ba ki kira ba, zan gane. Ƙarar da za ki ji yanzu ta ƙofar falo ce, na tafi.

Ummanki